Sau Shida Na Mutu a Kwarin Pantami

Sau shida na mutu a kwarin Pantami,
kowane karo da rigata ta kaina.
Babayo ne jarumi, shi ke da ƙirji,
ni kuwa Allah ya ba ni iya faɗuwa.

A shagon cajin Iliya muka tsara komai,
kan bencin da ƙafarsa ta huɗu bulo ce.
Littafin bashi muka juya ta baya,
Iliya ya rubuta: kashi goma, minti tara-tara,
ɗan dako zai ƙwato wa 'yan kasuwa haƙƙinsu.
Ta gaban littafin akwai sunana da ɗari uku.

Bappa kafinta ya sassaƙa bindigogi
daga ragowar ƙyauren wani Alhaji,
muka shafe su da baƙin man gareji.
Jini kuwa zoɓon Dija ne,
an dama shi da sitaci, ba citta, ba sukari.
Ta ce ko jini ne sai an biya.

Wayar aro, fuskarta a tsage kamar busasshiyar fadama,
mun ɗaure ta da roba a kan gora.
Rana ce fitilarmu, ita ko ba ta jiran kowa.
In Iliya ya ce a fara, sai akuya ta shigo,
in akuya ta fita, sai a kira la'asar.

A kashi na biyu na faɗo daga gaɓar kwari,
katifa na can inda ba nan muka ce ba.
A na uku 'yan banga suka yi mana zobe.
Shugabansu ya ɗaga bindigar Bappa,
ya shinshina, ya ce wannan ai maɗaci ne,
sannan ya roƙi a sa shi a na huɗu.
Mun sa shi.
Tun farko har ƙarshe waya yake wa murmushi.

Ƙarar naushi ba a fili ake samunta ba.
Da dare Iliya ke dukan kabewa da muciya,
ya karya karan dawa a bakin waya,
wannan shi ne haƙarƙarina.

Inna ta gani a wayar maƙwabciya.
Ba ta yi faɗa ba. Ta wanke rigar da hannunta,
zoɓon ya ƙi fita.
Ta ce, Sa'adu, abin da ke tafe ba a yi masa gwaji.
In dai sai ka faɗi, ka riƙa faɗuwa ta dama,
ka yi salati ko da a zuci ne.
Tun ranar ta dama nake mutuwa,
Iliya na tsaki wai fuskata ba ta fita.

Asabar ɗin da za mu ɗauki na bakwai
Babayo bai zo ba. Sunansa ya fito a soja.
Ya aiko ƙanensa da jan ƙyallen goshinsa.
Yanzu sai wata-wata muke jin muryarsa,
daga wani daji da bai faɗin sunansa.
Iliya ya tambaye shi yadda ta gaske ke ƙara,
ya yi shiru har muka ɗauka layi ne,
ya ce, ku bar ta kabewar, ta fi.

An ce ni in zama jarumi. Na ɗaura ƙyallen,
na tsaya da maɗaci a hannu,
gwiwoyina na ta neman ƙasa.
Na kwance, na ninke, na ba Dija ajiya.

Damina biyu ta ci gaɓar da nake faɗowa.
Bashi na ta rarrafowa daga gaban littafi,
saura shafi huɗu ya tarar da kashi na bakwai.
Iliya ya ce ga wani yaro a Bolari mai ƙirji,
na ce a'a.
Ba mai kashe ni sai Babayo.
Allah ya dawo da shi lafiya ya harbe ni.